Takardar da Na Ɗaure a Bakin Zani

Ƙarshen damina ne, sabuwar doya ta cika kasuwar Lafiya amma hannun mutane bai kai gare ta ba. Shekarar nan ruwa ya yi yawa. Itace ba ya bushewa, shanya sai ta kwana uku a igiya tana warin danshi, katangar bayan gidanmu ta jiƙe har ta fara zubewa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ka gani a gajiye yake. Ni kaɗai nake yawo da murna a unguwar, saboda 'yata tana da tsohon ciki, kuma an riga an gama magana gida za ta dawo wanka.

'Yar fari ce, shi ya sa tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma a takarda zan fara ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", har bayan ta yi aure. Mijinta ɗan Obi ne, a nan Lafiya yake aiki, mahaifiyarsa tana can Obi. Ita ta so a kai mata mai jego, ni na roƙa. Na ce haihuwar fari ce, a taimaka a bar mini. Ta ce, "To Hajiya, na bar miki wannan, na biyu nawa ne." Hajiya muke ce wa juna, ko da yake ba wadda ta taɓa ganin cikin jirgi a cikinmu.

Ruwan zafi ba baƙona ba ne. Tun yarinyar nan tana bayana nake turara shinkafa a wajen injin, duro-duro, wuta a ƙasa tururi a fuska. 'Ya'yana biyar da hannuna na yi musu wanka, haka 'ya'yan ƙannena. A unguwa idan aka haihu ba tsohuwa a gidan, ni ake aikowa a kira. Ba yabon kaina nake ba. Ina so ne a san wace ce abin ya samu.

Namiji ta haifa. Mata suka cika gida suna cewa ango ya zo, sai a sallami tsoho. Maigidana ya leƙa fuskar jaririn ya ce, "Wannan ko haƙori babu, da me zai ciyar da ke? Ki dai yi shawara." Na ce na riga na yi, sabo nake so.

Kullum bayan sallar asuba nakan hura wuta a tsakar gida, in ɗora rabin duro, in zuba ganyen dogon yaro. Idan ya tafasa sai in fara yi wa mai jego, sannan in ɗebi na jariri a baho in surka, in gwada da gwiwar hannu. Kwana uku haka, lafiya lau.

Ranar ta huɗu na ɗauko shi daga ɗaki a naɗe cikin tawul zan kai shi wajen baho. Hanyar ta gefen duron take, taku uku ko huɗu. Ruwan yana tafasa, ganye yana juyawa a sama. Sai kawai na ga hannuwana sun buɗe. Ba su buɗe ba, yana nan a ƙirjina, na ma ƙanƙame shi har ya yi ƙara. Amma a cikin kaina na gani sarai. Wata magana ta biyo baya, da muryata kuma, ba muryar wani ba: za ki jefa shi ciki.

Na ja da baya har na taka bokiti. Na koma ɗaki na ajiye shi kusa da uwarsa, na ce mata ruwan bai yi ba tukuna. Na je bayan gida na tsaya ina kallon tafin hannuna. Su ne dai, da kantar itace da tabon ƙuna na shekaru. Ba abin da ya canza a jikinsu.

Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Keana. Muna yara akwai wata tsohuwa mai dafa gishiri, mace mai shiru, takan ba mu ɓarɓashi mu lasa. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ita, a cikin zafin ciwon ta ce ta ga ɗan maƙwabciyarta a tukunyarta. Masu jinya suka ji. Bayan wasu watanni yaron ya yi ƙyanda ya rasu. Ba a dake ta ba, ba a kore ta ba. An dai daina sayen gishirinta, an daina aiken yara gidanta, idan ta taho rijiya mata su goya 'ya'yansu su ba ta hanya. Haka ta zauna har ta mutu. Abin da iyayenmu suka gaya mana a lokacin shi ne mayya ba dole ta san kanta ba, abin yana kwance a cikinta ne sai ranar da ya ga abin da yake so. Shekara da shekaru ban tuna tsohuwar nan ba. A bayan gida, ran nan, ita ce ta fara faɗo mini.

Da na fito sai na ce wuyan hannuna ya riƙe, sanyin damina ne. Na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa shigowa tana yi wa jariri wanka. Na mayar da murhu can bayan ɗaki, na ce hayaƙi yana damun mai jego. Aka yi suna, gida ya cika, jariri yana yawo daga hannu zuwa hannu, ni kuwa ina kan tukunya ba na tashi. Duk wanda ya miƙo mini shi sai in nuna hannuna da manja.

Na yi addu'a iya ƙarfina. Da zarar abin ya taso sai in yi a'uzubillahi, in tofa gefen hagu, in girgiza kai. Na je wajen malamin unguwarmu na ce waswasi ke damuna, ban faɗi irinsa ba. Ya ba ni rubutu na sha, ya ce kada in damu, waswasi ba a rubuta wa bawa shi matuƙar bai aikata ba. Na yi godiya. A hanya nake ce wa kaina, ai bai san wane iri ba ne, da ya sani da ba haka zai ce ba.

Abin mamaki, yawan korar da nake masa, yawan zuwan da yake. Da farko duro ne kawai. Daga baya idan na ɗauki wuƙa zan yanka albasa sai ya zo. Idan na wuce rijiya sai ya zo. Na tattara wuƙaƙen gidan na kulle a akwati, na bar guda ɗaya mara kaifi. Abinci ya daina shiga. Idan jaririn ya yi kuka sai in fita ƙofar gida in tsaya kamar mai jiran wani.

Wata rana yarinyar nan tana shan kunun kanwa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Inna, ko riƙe shi ba za ki yi ba?"

Na ce, "Hannun ne."

Ta ce, "Da hannun kike faskare."

Tsakanina da ita ba a doguwar magana, haka muka taso. Ta juya wajen bango ta ci gaba da shan kununta.

Kwana goma sha biyu da haihuwa cibiyar yaron ta yi ja, muka tari keke muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ke wurin babbar mace ce, ta kusa sa'ata, 'yar Eggon, da ƙaramin gicciye a wuya. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, "kai" take ce wa kowa, mace da namiji. Ta duba cibiya ta ce ba komai ba ne, ta ba da magani. Sannan ta ce mai jego ta hau gado a duba ta, ta juyo ta miƙo mini jariri. Ban san lokacin da na mayar da hannuwana baya ba. Ta dube ni, ta shimfiɗa shi a gefen uwarsa. Da ta gama sai ta ce, "Mama, zo ɗayan ɗakin in gwada jininka. Idonka bai yi mini ba."

Ta ɗaura mini abin awon, ta ce ya hau sosai. Ta kwance shi, ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta ce, "Mene ne kana gani in ka riƙe shi?"

Ba ta ce me ya sa ba kya riƙe shi ba. Da haka ta tambaya da hannu zan nuna mata. A waje ana ta kiran lamba. Sai na faɗa. Duka na faɗa, har wuƙa, har rijiya, ina kallon ƙasa, ina jiran in ji ta ja kujerarta baya.

Ba ta ja ba. Ta yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ko ina jin sha'awar yin abin, ko tsoro nake ji. Ko muryar daga waje take zuwa kamar ta wani mutum. Ko ina barci. Ko na taɓa cutar da yaro. Ko ina tunanin cutar da kaina. Na amsa mata gaskiya. Ta ce, "Mama, ba kai kaɗai ba. Masu jego suna zuwa nan da shi, kakanni ma. Ni kaina da na haifi na biyu, in ina sauka mataki da shi, haka yake yi mini. Wanda yake son ya yi abu ba ya kulle wuƙa a akwati."

Na ce, "To ki ba ni maganin da zai cire shi."

Ta yi dariya kaɗan. "Da akwai, da na sayar na gina bene." Ta ce an kai su wani kwas a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, an koya musu wata hanya. Ta faɗi sunan da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce ma'anarsa mutum ya raba kansa da tunaninsa, kamar abu biyu da suka manne a ɓamɓare su. Ba a kori tunanin ba, ba a yi gardama da shi ba, ba a kuma yi masa biyayya ba. A gan shi a matsayin abin da yake, magana ce da ta ratsa kai.

Ban gane ba, na gaya mata ban gane ba. Sai ta ajiye kofi a gabana ta ce, "Ka ce a ranka, ba zan iya ɗaga kofin nan ba. Ka yi ta faɗa, da ƙarfi ma. Kana faɗa kana ɗagawa." Na ji kunya, tsohuwa da ni ana wasa da ni kamar 'yar aji ɗaya. Amma na yi. Ina cewa ba zan iya ba, kofi yana sama a hannuna.

Ta ce, "To wa ya ɗaga? Maganar ko hannun?"

Na ajiye kofin a hankali.

Ta ce, "In ka tsaya bakin titi, keke nawa ke tsayawa ya ce Mama ina za ka? Duka kana shiga?"

Na ce a'a.

"Kana bin su da dutse?"

Na ce a'a.

"To kai yanzu bin su kake da dutse, shi ya sa ka gaji. Bar su su yi hon su wuce. Wani ma ba zai wuce ba, zai tsaya yana damunka. Ya tsaya. Kai ka yi abin da ya fito da kai."

Ta tambaya ko na iya rubutu. Na ce na yi yaƙi da jahilci shekara uku bayan na yaye autana, ina rubuta Hausa, a hankali dai. Ta yago takarda daga littafinta ta ba ni biro, ta ce in rubuta abin kamar yadda yake zuwa, amma in fara da cewa tunani ne. Na rubuta: Tunani ya zo mini cewa zan jefa jikana a ruwan zafi. Ta ce in manna takardar a fuskata. Na manna. Ta ce me nake gani a ɗakin, na ce ba komai. Ta ce in ajiye ta a cinya. Na ajiye. Ga taga, ga kwalabe, ga ita tana kallona. Ta ce, "Takardan bai tafi ba, yana cinyanka. Amma yanzu kana ganin hanya." Ta ce in riƙa yawo da ita, idan abin ya taso in tuna tana nan, rubutu ne a takarda. Ta ce in dawo duk mako, idan bai sassauta ba za ta tura ni wajen likita a babban asibiti. Ta ba ni maganin hawan jini.

Na ninke takardar ƙanana-ƙanana na ɗaure a bakin zanina.

Ba zan ce sauƙi ya zo nan da nan ba. Kwana biyu ina zama kusa da jaririn kawai, ina taɓa ƙafarsa da yatsa ɗaya. Rana ta uku na ɗauke shi ina zaune. Tunanin ya zo kamar yadda ya saba, gumi ya keto mini. Na ce a raina, ga shi ya zo, tunani ne, na gan ka. Ban tofa ba, ban girgiza kai ba. Na ci gaba da riƙe yaron. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni kamar mai tambayar ina na shiga kwana da kwanaki.

Bayan mako ɗaya na ce wa maƙwabciya hannuna ya saki, ta huta. Na surka ruwa, na gwada da gwiwar hannu, na zauna a kujera 'yar tsuguno na kwantar da shi a kan ƙafafuna. Duron yana can bayan ɗaki ina jin tafasarsa, maganar tana cikin kaina tana maimaita kanta, ni kuwa ina wanke bayan kunnensa. Na miƙar da hannuwansa, na shafe shi da man kaɗanya. Yarinyar nan tana bakin ƙofa tana kallo. Ta ce, "Ya fi yin shiru a hannunki." Na ce, "Ya san matarsa."

Daga ranar, sau biyar na yi masa wanka. Na ƙirga su daga baya, ba a lokacin ba.

Ranar Asabar, kwana ashirin da huɗu da haihuwa, Hajiya ta zo daga Obi ganin jika, da doya da kaji biyu. Bayan azahar ina madafa sai hadari ya taso. Mace ce mai zafin nama, ba ta iya zama tana kallon aiki, ta tashi ta kwashe mini shanya. A cikin kayan akwai zanin da na cire da safe na rataya a igiya ya sha iska, ban kwance ƙullin ba, na manta. Ta ji abu a bakin zanin, ta kwance don kada ya jiƙe. Ita ba ta yi boko ba. Ta ga takarda a ninke kamar laya, da rubutu a ciki, a gidan da jikanta yake kwana.

Da na shigo ɗakin da kwanon abinci, takardar tana hannun 'yata. Hajiya tana cewa, "Karanta mana mu ji, ko addu'a ce mu ma a ba mu." Da fara'arta take faɗa.

Yarinyar nan ta fara a fili. Ta kai rabi ta tsaya. Ta san rubutuna, ita ce take riƙe mini hannu a kan harufa lokacin ina zuwa aji tana firamare.

Hajiya ta ce, "Ƙarasa mana."

Ta ƙarasa, murya ƙasa-ƙasa.

Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi. Na ajiye abincin a ƙasa. Hajiya ta miƙa hannu ta ɗauki jaririn daga kan gado, ba da sauri ba, ta ɗora shi a kafaɗarta.

Na ce, "Hajiya, tunani ne kawai."

Ta ce, "Ke kika rubuta?"

"Ni ce."

"Kin yi tunanin ke nan."

"Ya zo mini. Ba ni na kira shi ba. Yana zuwa ne ya wuce, kamar…" Na so in kawo zancen keke, na so in kawo zancen kofi. A bakin nas abin ya fito a miƙe. A bakina sai ya zama shirme, wata tsohuwa tana maganar kofi da keke ana zancen ran jariri. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, idan aka zuba mini ido kalmomi guduwa suke.

Na ce, "Nas ce ta ce in rubuta. Mu je ku tambaye ta, Litinin tana nan."

Hajiya ta ce, "Ashe har asibiti sun sani." Ta dubi 'yata. "Ke kin sani?"

Yarinyar ta girgiza kai. Idonta yana kan takardar. Ta ce, "Inna, shi ya sa kika ɓoye wuƙaƙe?"

Na ce, "Shi ya sa."

Na ɗauka amsar za ta nuna mata irin tsoron da na ji saboda shi. Sai na ga ta matsa kusa da surukarta.

Aka aika aka kira maigidana daga kasuwa, aka buga wa mijin yarinyar waya. Maigidana ya shigo a jiƙe, aka karanta masa. Ya daɗe yana goge fuska da hularsa. Ya ce wa Hajiya shekara talatin yana tare da ni, ko kaza ba na iya yankawa. Sannan ya juyo ya ce, "Amma ke ma, abu irin wannan a rubuta shi? Ai binne shi ake yi."

Hajiya ba muguwar mace ba ce, ina so wannan ya tabbata a takarda. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira ni da sunan da nake tsoro ba. Ta ce, "Hajiya, ni ban ce ke wani abu ba ce. Ko ciwo ne, ko iska ce, ko me ne, Allah ya yaye miki. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da ke kika zo gidana kika tsinci wannan a zanina, za ki tafi ki bar shi?"

Na yi tunani sosai kafin in amsa, domin ta haɗa ni da Allah. Na ce, "Ba zan bar shi ba."

Ta ce, "To."

Kafin magariba mijin ya zo da motar haya. Ni na haɗa kayan mai jego, na ninke kayan jariri ɗaya-ɗaya, na sa maganin cibiya a aljihun jaka na nuna wa Hajiya inda yake. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya miƙo mini shi in yi sallama. Yarinyar nan ta tsaya a zaure, lulluɓe, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Inna, ki riƙa shan maganin jininki." Na ce, "To. Kada ki sha ruwan sanyi." Motar ta fita ta cikin taɓo.

Na koma ɗakin na zauna a bakin gado, wurin yana warin nono da man kaɗanya. Tunani suka taho da yawa, ba ɗaya ba. Kin rasa su. Tsohuwar gishiri ce ke. Gara da aka ɗauke shi. Na gwada abin da aka koya mini, na ce ga tunani ya zo cewa na rasa su. Amma gadon a gabana yake, babu kowa a kai. Nas ta koya mini yadda zan yi da maganar da ba gaskiya ba. Wadda rabinta gaskiya ne ba mu kai kanta ba tukuna. Daga baya da na koma ta ce hanyar ɗaya ce, ko gaskiya ne ko ƙarya, tambayar ita ce me zan yi da hannuna alhali yana nan. Ta yi kuka ranar, ta ce laifinta ne da ba ta ce in bar takardar a wurinta ba. Ta ce za ta kira 'yata ta yi mata bayani, ta kuma kira. Yarinyar ta saurara, ta yi godiya. Arba'in dai a Obi aka yi shi.

Yanzu yaron yana gudu, yana kirana da wani suna nasa da ba wanda ya koya masa. Ana kawo shi da Sallah. Yana hawa cinyata, ina ba shi ƙuli-ƙuli. Amma na lura, ba a taɓa barinmu mu biyu a ɗaki ba. Idan uwarsa za ta shiga wanka sai ta kira ƙanwarta ta zauna, wai ta taya ni hira. A unguwa kuma an daina aikowa idan an haihu. Ba wanda ya gaya mini dalili, kowa yana gaishe ni da kyau. Tunanin kansa yana nan, yakan zo jefi-jefi, ya rage ƙarfi, na san shi kamar yadda na san ciwon gwiwata. Na koyi ganinsa daga nesa. Abin da ban iya ba shi ne in koya wa mutanen gidana su gan ni daban da shi. Su a wurinsu ni da takardar nan abu ɗaya ne, kamar yadda ni ma na ɗauka a kwanakin farko. Ba ni da bakin zarginsu.

Washegarin tafiyarsu na tashi da asuba kamar kullum, sai na tuna ba wanda zan hura wa wuta. Na ɗauko turmi na daka yajin jego, citta da masoro da kanumfari da barkono kaɗan, na tankaɗe na zuba a gwangwani. Maigidana ya ce ina za ni, na ce Obi. Ya ce, "Za su ji kamar kin biyo su ne." Na ce ai biyo su na yi. A tasha tunani ya zo cewa za a kore ni daga ƙofa. Na ce na ji, na shiga mota.

Ba a kore ni ba. Hajiya ta fito da kanta, ta karɓi gwangwanin da hannu biyu, ta sa aka fito mini da benci a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, aka kawo mini ruwa. Ta ce in ɗan jira, yanzu za ta yi masa wanka. Ta koma ciki ta saki labulen zaure.

Na zauna. Na ji lokacin da aka zuba ruwa a baho, na ji lokacin da aka sa shi ciki, domin kukan ya canza. Daga jin kukan na san ruwan ya ɗan yi masa sanyi. Na ɗora hannuwana a cinya na saurara har aka gama.